Kwana Huɗu Kafin Ranar Asibiti

Ƙodar da aka dasa wa yarinyar ta yi wata ashirin da shida tana aiki, sannan ta tsaya. Ranar da aka sallame su bayan dashen, likita ta ce ƙodar da ta fito daga 'yar'uwa ciki ɗaya takan kai shekara goma sha biyar, wani lokaci fiye da haka, in an kula da ita. Wannan ba ta cika shekara uku ba.

Shekarun yarinyar goma sha shida yanzu. A gida Auta ake ce mata, a sashen wankin ƙoda kuma gado na huɗu. Litinin, Laraba da Juma'a takan kwanta awa huɗu da bututu a wuya, na'ura tana jan jininta tana wankewa tana mayarwa. Wadda ta ba ta ƙodar yayarta ce, tela, wadda suke kira Yaya Babba, ta rage da ƙoda ɗaya da tabo a kwiɓin hagu. A fayil ɗin asibiti an rubuta cewa jikin yarinyar ya ƙi ƙodar. A layin da ake rubuta dalili kuwa an daɗe ba a rubuta komai ba, domin duk gwajin jinin da aka yi mata, wata bayan wata, ya nuna tana shan maganinta daidai.

Dalilin yana gida, cikin wani farin kabad da ke manne a bangon falo. Makullinsa na aljihun mahaifinta.

Dokta ake kiransa a layinsu. Ba likita ba ne, bai taɓa zama likita ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan tagar ɗakin magani na wani ƙaramin asibiti, yana karɓar takarda, yana ƙirga ƙwaya, yana zubawa a 'yar ambulan yana rubuta safe, rana, yamma. Da ya yi ritaya sai ya taho gida da sunan, tare da farar riga biyu da agogon bango. Kullum da hantsi yakan fito ƙofar gida ya zauna a kujerar roba, maƙwabta su kawo masa takardun asibitinsu, ya sa tabarau ya duba, ya girgiza kai ya ce likitocin yanzu sai dai addu'a.

Likitar Auta matashiya ce, irin wadda Dokta ya lissafa cewa yana taga tun kafin a yaye ta. Ranar sallama ta jera magunguna a kan tebur ta yi musu bayani dalla-dalla. Jikin mutum, in ji ta, yana da sojoji masu yaƙar duk baƙon abu, kuma a wurinsu ƙodar nan baƙuwa ce har abada. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke sa sojojin barci. Bakwai na safe, bakwai na yamma, kullum, iyakar rai. Ba hutu, ba ragi sai da saninta.

"Wa zai riƙe mata maganin a gida?"

Dokta ya yi murmushin wanda aka tambaya ko ya san hanyar gidansa. "'Yata, wannan tambayar ki ajiye wa wasu. Ina ba da magani tun kafin ki fara rarrafe."

Likita ta ce to sun yi sa'a, ta rubuta sunansa.

Wata shida na farko ba mai kushe shi. Agogon bango na buga bakwai zai buɗe kabad, ya zazzage ƙwaya biyar a tafin Auta, ya tsaya a kanta har ta haɗiye. Ta koma makaranta. Ta riƙa cin abinci kamar mai ramuwa. In ta kwanta takan ɗora hannu a gefen mararta na dama, inda aka sa ƙodar, ta ji ɗan tudun a ƙarƙashin fata.

Amma maganin ya zo da nasa kayan, kamar yadda likita ta faɗa tun farko. Fuskar Auta ta cika ta yi zagaye kamar faranti, ƙuraje suka feso mata a goshi, hannunta yakan yi rawa in ta riƙe biro. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Balan-balan. Wata ƙawar Umma ta zo dubiya, ta kalle ta daga sama har ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Lafiya dai an samu, sai dai kamannin." Umma ta kwana biyu tana maimaita maganar.

A makon ne Dokta ya zauna da takardar da ke cikin kwalin magani, doguwar nan mai ƙananan rubutu da kowa ke yarwa. Ya karance ta tas, yana ja wa layuka jan biro. Ciwon suga. Hawan jini. Saurin kamuwa da cuta. Da ya kai layin da ya ce maganin kan iya taɓa ƙoda in ya yi yawa, sai ya cire tabarau ya kira Umma.

"Kin gani? Maganin kare ƙoda, shi ne kuma mai cin ƙoda. Su da kansu suka rubuta. Wai kuma yarinya ta yi ta sha har ta mutu. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin maganin da ba a yaye mutum daga kansa ba."

Bai tuna masu ciwon suga da masu hawan jini da suka tsufa a gaban tagarsa ba, Umma kuma ba ta tuna masa ba. Cewa kawai ta yi, "To ka gaya wa likitar mana."

"In gaya wa wa? Littafi ta sani, ni kuwa mutane na sani. Da tsohuwar zuma ake magani."

Washegari da yamma ƙwaya uku Auta ta gani a tafinta maimakon biyar. Da safe kuma 'yar farar ƙwayar nan mai kumbura fuska ta zo mata rabi, an raba ta da reza daidai tsakiya, aikin gwani. Bayan wata guda na yamma ya koma ƙwaya ɗaya. Bayan wani watan, agogo ya buga bakwai, kabad bai buɗu ba.

"Baba, na yamma fa?"

"An yaye ki daga na yamma. Jikinki ya saba da ƙodar, ai jininku ɗaya da yayarki. Amma wannan magana ta cikin gida ce. In kika kai ta asibiti, ba ke za su zaga ba, ubanki za su zaga. Kina so a zage ni?"

Ba ta so. Gaskiyar magana ma, wadda daga baya ta fi komai cin ranta, ita ce ta ji daɗi. Cikin 'yan makonni kumburin ya saɓe, haɓarta ta sake fitowa, rubutunta ya miƙe a kan layi. Sunan Balan-balan ya mutu da kansa. Umma takan riƙe fuskarta ta juya ta wajen haske ta ce, "Yauwa, ga 'yata ta dawo."

Saura matsala ɗaya, kuma a nan ne shekara talatin da ɗaya ta yi ranarta. Duk wata ana ɗiban jinin Auta a auna yawan maganin da ke cikinsa. Da wani uban ne da bai san komai ba, da tun watan farko asirinsa ya tonu. Dokta ya san gwajin ba ya tuna abin da ya faru makon jiya, abin da ke cikin jini ran nan kawai yake gani. Ya kuma san kwana nawa magani ke ɗauka kafin ya cika jini. Don haka kwana huɗu kafin ranar asibiti sai kabad ya koma buɗuwa safe da yamma, ƙwaya biyar-biyar, bakwai daidai. Ya yi wa kwanakin da'ira a kalandar falo da jan biro, don kar ya manta.

"Ko baƙo za ka yi ai sai ka share gida," in ji shi.

Ranar asibiti likita takan duba sakamakon ta ce, "Daidai, kamar kullum." Sau ɗaya har ta roƙe shi ya yi wa sauran iyaye magana a bencin jira, don akwai masu sakaci. Ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya yi minti ashirin yana faɗa musu cewa magani ba ya son wasa. Wata uwa ta rubuta maganarsa a bayan katinta. Auta na zaune a ƙarshen benci, auduga a gwiwar hannu, tana kallon tayil. Daga nan ya wuce taga ya karɓi maganin wata guda cif, ya sa hannu, suka dawo gida. Abin da ya ragu yakan jera shi cikin manyan gwangwanayen madara a ƙasan kabad, mai tsohon kwanan wata a gaba, sabo a baya. Mai aikin ɗakin magani ba ya zubar da magani.

A wata na goma sha biyar Auta ta fara ganin kumfa a fitsarinta, fara, mai kauri, wadda ba ta bajewa. Takalmin makaranta ya fara matse ta kafin a tashi. Ta sami Umma a kicin ta faɗa mata.

"Kumfa kuma? Sabulun wanke bayi ne."

"Umma, ko a makaranta haka ne. Ki ce wa Baba ya mayar mini da na yamma."

Umma ta ci gaba da yankan albasa. "Ni ce zan koya wa babanku magani? Mutumin da unguwa guda ke layi a ƙofarsa? Ke dai ba kya godiya. Kin manta lokacin da kike kamar an hura ki da famfo?"

Ta gwada yayanta namiji, bakanike, wanda tun yana koyon aiki 'yan gareji suka laƙa masa Sifana har sunan ya bi shi gida. Shi ke kai ta makaranta a babur. Ta faɗa masa a bayan kunne, iska na kwashe rabin maganar.

"Ke Auta, ni mota na sani. Magani aikin Baba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani ba zai hango ba."

"To Yaya, in aka ce inji na shan baƙin mai lita huɗu, kai biyu kake zubawa?"

"Sauka, kin makara."

Yaya Babba tana aure a wata unguwa, shagonta ma can yake, sai ranar Asabar take zuwa. Tana shigowa ba ta gaida Auta sai ta fara gaida ƙodar. Takan sunkuya ta ƙwanƙwasa gefen marar da yatsa ta ce, "Ina kwana, 'yar gidana. Suna ba ki ruwa kuwa? In ba sa kula da ke ki faɗa mini in mayar da ke gida." Wata Asabar ta zo da tef za ta auna Auta, ta durƙusa don ɗaukar tsawo, sai ta tsaya. Ta danna idon sawun da babban yatsa. Wurin ya loɓa, bai taso ba.

"Wannan ƙafar fa?"

"Zaman benci ne," in ji Dokta daga kujerarsa. "Yaro mai girma haka yake."

Auta ta buɗe baki. Ta ga idonsa ta saman tabarau. Ta rufe.

Akwai wani gwajin da kwana huɗu ba sa iya yi wa kwalliya, wanda ke nuna yawan dattin da ƙoda ta kasa tacewa. Lambarsa ta fara hawa a hankali, kamar ruwa a gindin gini. Likita ta ƙara yawan magani. Dokta ya gyaɗa kai ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan, ya dawo gida ya buɗe sabon gwangwani. A wata na ashirin da ɗaya aka soka doguwar allura aka tsakuro ɗan tsokar ƙodar don a duba. Sakamakon ya nuna jiki ya daɗe yana yaƙarta, ba yau ba, ba jiya ba.

Likita ta roƙi Dokta ya ɗan jira a waje. Ta jawo kujera kusa da Auta.

"Ki gaya mini gaskiya, ba faɗa zan yi ba. 'Yan mata masu shekarunki da yawa sukan gaji da magani, ko don fuska, ko don ƙawaye. Kina tsallakewa?"

Ta ƙarƙashin ƙofa Auta na hango inuwar takalmansa guda biyu, ba sa motsi.

"Duk abin da aka ba ni ina sha."

Ba ƙarya ta yi ba. Likita ta kira shi ta maimaita tambayar. Ya sauke numfashi irin na uban da ya gaji da ɗawainiya.

"Likita, ni dai a hannu nake zuba mata, ina tsaye a kanta. Amma abin da ke ƙarƙashin harshe Allah kaɗai ya sani. Yaran yanzu kin san su da madubi."

Likita ta rubuta wani abu a fayil. Auta ta iya karanta shi a juye: ana zargin marar lafiya ba ta shan magani yadda ya kamata. A mota, kan hanyar gida, ya dafa kanta ya ce, "Kin yi hankali."

An kwantar da ita kwana tara ana yi mata ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi, ko za a ceto abin da ya saura. Lambar ta ɗan sauka. Da suka dawo gida Dokta ya ce a kwana taran nan sun ɗura mata na shekara guda, dole jiki ya huta. Mako biyu kabad bai buɗu ba ko da safe.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya, sai dai kowace ta fi ta jiya. Takan tashi da amai. Bakinta ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, ko shayi ta kurɓa sai ta ji kamar ta lashi cokali. Ƙaiƙayi ya kama ta har ta ɗaye fatar ƙwaurinta. Ta daina iya kwanciya a miƙe, sai an tara mata matashi uku. Umma ta ce sanyi ne, ta rufe tagogi. Sifana ya ce ta rage tunani. Dokta ya auna ta da abin awon jininsa, ya ga lambar, ya ce batir ne ya yi sanyi. Fitsarin wuni guda ya koma bai cika kofi ba. Wata Talata ta faɗi a layin shiga aji, ba ta sake komawa makarantar ba. Ranar Alhamis aka sa mata bututu a wuya. Aka ce ruwan da za ta sha a wuni kada ya wuce rabin lita, har da na haɗiyar magani. Ta koyi tsotsar ƙanƙara a hankali don ta daɗe.

'Yan dubiya suka cika falo, kuma kowa na son ya ji dalili daga bakin masani. Dokta bai hana su ba.

"Ƙodar ce tun asali ba ta da ƙarfi. Mace mai wuni a kan keken ɗinki, ba motsi, ba shan ruwa, me kuke tsammani? Na so in yi magana tun lokacin, na ce kar a ce na hana alheri."

Umma na gefe tana gyaɗa kai tana miƙa ruwa. Maganar ta fita layi, ta hau mota, ta isa har gidan surukan Yaya Babba.

Dokta ya riga ya tsara mataki na gaba. Sifana zai bayar, ƙodar namiji, mai aikin ƙarfi. Aka ɗebi jininsa, aka ba su takardar da kwamitin dashe zai duba. Dokta ya cike ta da rubutunsa mai kyau. A layin da aka tambayi wanda zai riƙe maganin a gida, ya rubuta sunansa, ya ƙara da shekarun aikinsa, ko da yake ba a tambaya ba.

Wata Laraba, Yaya Babba ta rufe shago ta zo ta zauna gefen gado na huɗu da rigar wani tana sa mata maɓalli. Ta daina gaida ƙodar tun ranar da aka sa bututu. Na'ura na ta juyawa. Yaya Babba ta yi magana ba tare da ta ɗago kai daga ɗinkin ba.

"Auta, ki yafe mini. Da na san ba ta da kyau, da ban bari an yanka ki a banza ba. Abin da nake da shi ke nan na ba ki."

Auta ta jure zargin likita, ta jure maganar madubi. Wannan ce ta kasa haɗiyewa.

"Yaya, ƙodarki lafiyarta ƙalau."

Ta faɗa mata duka. Reza, gwangwanaye, da'irar jan biro a kalanda, mako biyun hutu. Ba ta yi kuka ba, don ko hawaye yanzu tana ganin kamar cikin rabin litarta za a cire. Yaya Babba ta soke allurar a jikin rigar.

"Tun yaushe?"

"Tun wata na bakwai."

"Umma ta sani?"

"Kowa ya sani, Yaya. Ke da likita ne kawai ba ku sani ba."

Da la'asar, Auta na kwance a doguwar kujerar falo, jiri na ɗibarta kamar kullum bayan wanki, Yaya Babba ta shigo da Sifana a bayanta, hannunsa duk baƙin mai. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta yadda ta saba. Sannan ta ce, "Baba, a ba ni makullin kabad."

"Kabad ɗin magani ba wurin wasan tela ba ne."

Ta juya ta kalli ƙanenta. Ya kalli Auta, ya kalli bututun da ke wuyanta. Ya zaro sukundireba daga aljihun baya. Bai taɓa kwaɗon ba, ƙusoshin ƙyauren ya kwance guda huɗu, ƙyauren ya rataye a jikin kwaɗonsa.

Gwangwani bakwai ne. Yaya Babba ta zazzage su a kan teburin tsakiya, ƙwayoyin na cikin ledarsu ba a ɓalle ba. Ta ƙirga su goma-goma, yadda take ƙirga maɓalli. Da ta gama ta faɗi adadin. Dubu biyu da ɗari ɗaya da arba'in.

Dokta ne ya fara magana. "Ki duba kwanan watansu. Ba ko ɗaya da ta lalace. Tsofaffin nake fara ba ta." Ya gyara zama. "Ku dubi tulin nan da idonku. Da na ɗura mata wannan duka, da tuni an yi zaman makokinta. Ni na ja mata kwana, amma ba wanda zai gode."

"Haba 'yar nan," in ji Umma, tana jawo labulen taga. "Abin da ya faru ya faru, ƙaddara ce. A rufa wa juna asiri. Mahaifinku ne fa."

"Umma, wata biyu ana cewa ruɓaɓɓiyar ƙoda na ba ƙanwata. Kina zaune kina miƙa ruwa. Nawa asirin wa ya rufa?"

Umma ta ce ita dai ba ta son hayaniya, kanta na ciwo.

Sifana na tsaye da ƙusoshi huɗu a tafi. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, tawa ma haka za ka yi mata?"

Dokta ya kalle shi da mamakin a ce ɗansa bai gane abu mai sauƙi irin wannan ba.

"Taka ai ta namiji ce. Ba za ta buƙaci ko rabin wannan ba."

Ranar Juma'a Yaya Babba ta ɗora buhun gwangwanaye a kan teburin likita. Likita ta buɗe ɗaya, ta buɗe na biyu, ta saurari bayanin kwana huɗun. Sannan ta jawo fayil ta soke layin da ta rubuta a kan yarinyar, ta je har gado na huɗu ta ba ta haƙuri a gaban nas-nas.

Sauran bayanin ba mai daɗi ba ne, kuma ba ta sa masa suga ba. Wata goma sha tara ana tada sojojin jikin Auta kwana ashirin da shida, a kwantar da su kwana huɗu. Sun ƙare wa ƙodar Yaya Babba kallo, sun haddace kamanninta. Sifana uwa ɗaya uba ɗaya yake da Yaya Babba, mai yiwuwa su ga tasa su gane ta tun daga ƙofa. An aika jininsu gwaji, sakamako sai bayan mako uku. Kuma ko ya fito da kyau, kwamiti ba zai yarda a yanka mutum na biyu ba sai an canza sunan da ke layin mai riƙe magani. Yarinyar ba ta kai shekara goma sha takwas ba. Wanda doka ta ba ikon sa hannu a takardar shi ne mahaifinta.

Sau uku asibiti na kiransa, jami'ar walwalar marasa lafiya ta aika masa wasiƙa. Ya aiko Umma da amsa: soke sunansa daidai yake da amsa laifi, shi kuwa bai san laifin da ya yi ba. Yaya Babba ta nemi a ba ta Auta ta koma gidanta. Umma ta ce me mutane za su ce, a ce gidan Dokta guda an rasa mai jinya.

Dokta ya mayar da ƙyauren kabad da kansa, ya sa ƙusoshi masu tsawo, ya ƙara kwaɗo na biyu. Magungunan da ake ba masu wankin ƙoda, na hawan jini da na ƙashi, a ciki suke. Da hantsi yana nan a kujerar roba, maƙwabta na kawo takardu, wasu har sun fi da yawa, don an ji yadda ya tsaya tsayin daka a kan jinyar 'yarsa.

Saura wata ashirin Auta ta isa sa wa kanta hannu. Bututun wuyanta ya riga ya kama ƙwayar cuta sau ɗaya, an canza masa gefe, nas ta ce irinsa ba a yi shi don ya daɗe haka ba. Kwamiti zai zauna ranar Laraba mai zuwa. Takardar na cikin fayil, kuma a layin wanda zai riƙe magani sunan Dokta ne har yanzu, da rubutunsa mai kyau, da shekara talatin da ɗaya a gefe.